Umaru Ganda: Ɗan dakon da ya karɓi kyamara da hannunsa

Duk ɗan Malanbil ko Madekali da ya taɓa hawa mota daga Gaya, ya bi ta Dosso ya sauka Yamai, da wuya bai ji an ambaci CCOG ba, wato gidan raya al'adun nan da ake taron waƙa da wasan kwaikwayo a cikinsa. Haruffa biyun ƙarshe sunan mutum ne, Umaru Ganda, wanda a Faransanci ake rubutawa Oumarou Ganda. Da yawa cikinmu sun san ginin, amma kaɗan ne suka san mutumin. Tarihinsa zan kawo muku a yau, kuma ina da dalili. Ni ɗalibi ne mai koyon ɗaukar hoto a Kwatano, ina shekarar ƙarshe, kuma tambayar nan da ake yi wa kowane ɗalibi ta fara iske ni daga gida: in ka gama, me za ka yi da wannan kyamarar? Rabin amsar da nake da ita, daga rayuwar wannan bawan Allah na samo shi.

Soja tun yana ɗan shekara 16

An haifi Umaru Ganda a Yamai a 1935. Bazabarme ne, ka ga kuwa a wurinmu ba baƙo ba ne, tunda Zabarmanci da Dandancin da muke ji kullum a kasuwa ƴan uwan juna ne. Ya yi karatun firamare a Yamai, a zamanin da Nijar da Dahome duka suke hannun Faransa. A 1951, yana ɗan shekara 16 kacal, ya shiga sojan Faransa.

A lokacin Faransa tana cikin yaƙi a Indoshin, yankin da a yau ya ƙunshi Biyetnam da Lawos da Kambodiya. Mutanen can sun tashi neman ƴancinsu tun 1946, Faransa kuwa ta yi ta kwasar samari daga ƙasashen Afirka da take mulka tana kai su bakin daga. Cikinsu har da Ganda, wanda ya yi shekara biyu a can. Yaro ne daga ƙasar da ake yi wa mulkin mallaka, aka ba shi bindiga ya je ya yaƙi waɗansu da ke son fita daga irin wannan mulkin. A watan Mayun 1954 aka ci sojojin Faransa a Dien Bien Phu, yaƙin ya ƙare a wannan shekarar, shi kuma ya bar soja a 1955 ya dawo gida yana ɗan shekara 20.

Da ya dawo, aiki ya gagara. Sai ya yi abin da samarin yankin nan suka saba yi tun kaka da kakanni, ya tafi ci-rani bakin teku. Ya sauka Abijan a Kodebuwa. Birnin yana bunƙasa a lokacin, don a 1950 aka buɗe mashigin Vridi wanda ya ba manyan jiragen ruwa damar shigowa har cikin gari, tashar jiragen kuwa tana neman masu ƙarfi. Ganda ya zama ɗan dako a tashar, yana kwana a unguwar Treichville inda baƙi daga arewa suke taruwa. Wanda ya taɓa tsayawa bakin kasuwar Malanbil ya ga yadda ake sauke buhunan albasa da na masara daga tirela, ba sai an yi masa bayanin wannan aiki ba. Yau a samu, gobe a rasa, kuɗin yini ya ƙare a yinin.

Haɗuwarsa da Jean Rouch

A Abijan ɗin ne ya haɗu da Bafaranshen nan Jean Rouch. Shi Rouch ya fara zuwa Nijar ne a 1941 a matsayin injiniyan hanyoyi da gadoji, daga baya ya koma binciken al'adu da ɗaukar fim. Tsakanin 1946 da 1947 shi da abokansa biyu suka bi kogin Kwara a jirgin ruwa tun daga mafarinsa har inda ya faɗa teku, wato dai ta gabanmu nan suka wuce. A tsakiyar shekarun 1950 yana binciken ƴan Nijar masu tafiya ci-rani, ya fara da Gana sannan ya zo Kodebuwa. Yana bukatar wanda ya iya karatu, ya san harsunan mutanen, kuma suka yarda da shi. Sai ya ɗauki Ganda aikin tambayar ƴan ci-rani da ƙidayarsu.

Daga wannan aikin ne fim ya fito. A 1957 Ganda ya yi ɗan ƙaramin fitowa a wani gajeren fim mai suna Zazouman de Treichville, sannan Rouch ya sa shi a gaba a babban fim ɗinsa Moi, un Noir, wanda ya fita a 1958. Ma'anar sunan ita ce ni, baƙar fata. Fim ɗin ya bi waɗansu samari ƴan Nijar a Treichville, daga ranakun aiki zuwa Asabar da Lahadi har safiyar Litinin. Kowanensu ya ari sunan wani tauraron silima. Ganda ya zama Edward G. Robinson, abokinsa Petit Touré ya zama Eddie Constantine, akwai mai sunan Tarzan, akwai kuma budurwa mai sunan Dorothy Lamour. An nuna su suna neman aiki, suna dako, suna zuwa bakin ruwa da gidan rawa, an nuna Robinson yana mafarkin zama zakaran dambe na duniya, sannan ga faɗansa da wani Bature ɗan Italiya ma'aikacin jirgin ruwa a kan budurwar nan.

A nan akwai abin da ya kamata mai karatu ya fahimta game da kayan aikin wancan zamani. Kyamarar Rouch ƙarama ce, ta fim mai faɗin milimita 16, ana murza ta ne kamar tsohon agogo, ta yi aiki na daƙiƙa ashirin da ƴan kai sai ta tsaya. Kuma ba ta ɗaukar murya. Saboda haka bayan an haɗa hotunan, sai aka zaunar da Ganda aka haska masa su, shi kuma yana kallo yana magana da ka, ba tare da rubutu a gabansa ba, ana naɗar muryarsa. Kusan duk abin da ya sa fim ɗin ya ratsa mutane, daga wannan muryar ya fito: ba'arsa, ƙorafinsa a kan talauci, da kuma ƙarshen fim ɗin inda yake tafiya a bakin ruwa yana ba wani yaro labarin yaƙin Indoshin, yana faɗuwa ƙasa yana kwatanta yadda ake harbi da yadda ake mutuwa.

Fim ɗin ya ci kyautar Louis Delluc ta 1958 a Faransa. Matasan masu shirya fim na can, irin su Jean-Luc Godard, suka yaba shi ƙwarai, suka kuma koyi fita titi da ƙaramar kyamara daga gare shi. To amma sunan da ke kan fim ɗin na Rouch ne, kyautar ma tasa ce. Rayuwar ta Ganda ce, muryar tasa ce, amma wanda ya zaɓi abin da za a ɗauka, da abin da za a yanke, da inda labari zai tsaya, wani ne daban. Daga baya Ganda ya nuna cewa akwai abubuwan da bai gamsu da su ba a fim ɗin. Ba na kawo wannan don in mayar da Rouch abokin gaba ba. Shi ne ya buɗe masa ƙofa, kuma zumuncinsu bai yanke ba, har Ganda ya sake fitowa a fim ɗinsa Babatu a 1976. Rouch kansa a Nijar ya cika, a haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni a watan Fabrairun 2004, kuma a Yamai aka binne shi. Abin da nake nufi shi ne ko da mai kyamara mutumin kirki ne, mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zubar masa.

Daga gaban kyamara zuwa bayanta

Nijar ta samu ƴancin kai ranar 3 ga Agusta 1960, kwana biyu bayan Dahome. Ganda ya koma Yamai, ya shiga cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar, inda ake da wata ƙungiyar masu sha'awar silima. A can ƙwararru suna koyar da riƙon kyamara da ɗaukar murya da shirya fim. Mutumin da aka riga aka san fuskarsa a Faris ya yarda ya zama mataimaki, mai ɗaukar kaya da ja wa wasu waya, yana kallo yana koyo. Ba shi kaɗai ba ne a fagen. Mustafa Alasan ya riga ya fitar da Aouré tun 1962, Yamai kuwa ta fara zama ɗaya daga cikin garuruwan da ake kallo in ana maganar silima a Afirka.

A 1968 ƙungiyar ta sa gasar rubuta labarin fim. Ganda ya rubuta nasa, kuma daga nan Cabascabo ya fito, fim na minti 45, baƙi da fari, wanda shi ya shirya shi kuma ya fito a matsayin mai sunan. Labarin tsohon soja ne da ya dawo daga Indoshin da ƴan kuɗinsa. Dangi da abokai suka tarbe shi kamar sarki, mata da maroƙa suka kewaye shi, yana ba su labarin yaƙi yana rabon kuɗi. Da aljihu ya bushe, kowa ya kama gabansa. Ya nemi aiki da mutunci a birni ya rasa, a ƙarshe ya juya wa birnin baya ya nufi karkara. Zalika Sule, wadda daga baya ta zama fitacciyar ƴar wasan silima ta Nijar, tana cikin waɗanda suka fito.

Ku duba fa, yaƙin nan ɗaya ne da wanda ya ba da labarinsa a bakin ruwa a Abijan shekara goma da suka wuce. A wancan karon ya samu ƴan mintoci a ƙarshen fim ɗin wani. A wannan karon ya ɗauki fim guda, da Zabarmanci, a ƙasarsu, ya nuna abin da wancan bai nuna ba, wato wulaƙancin da sojan Afirka ke sha a hannun manyansa, da kuma yadda ƴan uwansa na gida suke cinye shi su watsar. An nuna Cabascabo a bikin fina-finai na Cannes a 1969, ya kuma samu yabo a bikin Mosko a wannan shekarar.

Ya juya kyamara kan mutanensa

Da Ganda ya tsaya a kan laifin Turawa kaɗai, da ya samu tafi cikin sauƙi. Sai fim ɗinsa na biyu, Le Wazzou polygame, ya shigo cikin gida. Kalmar wazzou ita ce wa'azi ɗin nan namu. Labarin wani mutum ne da ya dawo daga Makka aka fara kiransa Alhaji, yana da mata biyu, sai idonsa ya faɗa kan wata yarinya Satu wadda aka riga aka yi wa wani saurayi Garba alkawarinta. Kuɗi da suna suka yi aiki, Garba ya bar gari cikin fushi. Matar Alhaji ta biyu ta ƙudura kashe amarya, amma a duhun dare aka kashe wata ƙawar amarya a madadinta.

Na san akwai waɗanda irin wannan labari zai sosa wa rai, musamman mu da muke zaune a ƙasar da ba mu ne masu rinjaye ba, kuma ba mu son a ba wasu abin faɗi a kanmu. Ni dai a fahimtata, Ganda bai taɓa addini ba. Wanda ya taɓa shi ne mutumin da ya mayar da sunan Alhaji jari, ya yi neman aure a kan neman wani, aka kuma aurar da yarinya ba da sonta ba, alhali malamanmu kansu suna wa'azi a kan waɗannan abubuwa. A 1972, shekarar da bikin FESPACO na Wagadugu ya fara ba da babbar kyautarsa ta Dokin Yennenga, wannan fim ne ya ɗauke ta. Wato dai mutum na farko da ya ci kyauta mafi girma ta silimar Afirka, tsohon ɗan dako ne mai takardar firamare.

Bayansa sai Saïtane, wato Shaiɗan, fim mai launi a kan wani malamin tsibbu da ya zama ɗan aike tsakanin matar aure da wani mai kuɗi. Fim ɗinsa na ƙarshe shi ne L'Exilé a 1980, inda wani jakada da ke gudun hijira yake ba da wata tatsuniya a kan nauyin alkawari, da yadda a da mutum kan ba da ransa don kada maganarsa ta faɗi ƙasa. Tsakanin waɗannan kuma ya yi fina-finan gaskiya, wato waɗanda ba wasan kwaikwayo ba ne, ana ɗaukar mutane ne a cikin harkarsu, daga ciki akwai Cock Cock Cock na 1977. Yana cikin shirin wani irinsu ne ciwon zuciya ya ɗauke shi a Yamai ranar 1 ga Janairu 1981, yana da shekara 45. Nijar ta sa wa gidan raya al'adun nan sunansa, FESPACO kuma ta ware kyauta da sunansa ga wanda fim ɗinsa na farko ya fi kyau.

Abin da na ɗauka daga gare shi

Yanzu bari in dawo kan tambayar da ake yi mini. Hanyoyin da ke gaban mai hoto in ya gama karatu sanannu ne. Ko ya zauna a Kwatano yana ɗaukar biki da tallar kaya, ko ya nemi aiki a gidan jarida ko talabijin, ko ya riƙa yi wa ƙungiyoyin agaji aiki, su faɗa masa hoton da suke so ya kawo. Babu na banza a ciki, duka halal ne. Ni dai niyyata in koma Madekali, sama da kilomita 700 daga Kwatano, in yi aikin hoton gaskiya a kan yankinmu.

Dalili kuwa shi ne ana ɗaukar mu hoto, amma sai in wani abu ya faru. In Kwara ta yi ambaliya ta cinye gonakin shinkafa a Malanbil da Karimama, za ka ga masu kyamara sun zo. Da aka rufe gadar Gaya bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, duniya ta ga hoton dogon layin tireloli da na mutane suna tsallaka kogi a kwalekwale. Hotunan nan ba ƙarya ba ne. Amma mai ɗaukarsu kwana biyu yake yi ya tafi. Ba ya nan lokacin da ɗan dakon da ke ci daga gadar yake lissafin yadda zai ciyar da gida, ba ya nan lokacin dashen albasa, bai san Basarken da ya gaji kogi daga kakansa ba, bai san tsohuwar da ta shekara talatin tana sayar da kifi a wuri ɗaya ba. Matsayinmu a irin waɗannan hotuna shi ne matsayin Ganda a 1957: fuskar tamu ce, zaɓin na wani ne.

Aikin farko da nake son yi a kan ƴan dako ne, na kasuwa da na bakin kogi, in bi su shekara guda cur, daga kakar albasa har ta zagayo. Ba zan ɗauki kowa ba sai da izininsa, wanda kuma ya ce ba ya so saboda addini ko kunya, maganarsa ta zauna. In na wanke hotunan, su za su fara gani kafin kowa, in zauna da su in naɗi abin da za su faɗa da Hausa ko Dandanci ko Fulatanci, maganarsu ta tafi tare da hotonsu. Wannan dabarar ta Rouch ce, kuma mai kyau ce. Abin da zan ƙara a kai darasin Ganda ne: kada a tsaya a ba mutum makirufo, a koya masa riƙon kyamarar. Ƙungiyar da ta koyar da shi ba jami'a ba ce, ɗaki ne da ƴan kayan aiki da mutanen da suka yarda su koyar. Yau kusan kowane saurayi a garinmu yana da waya mai kyamarar da ta fi ta Rouch daɗewa tana ɗauka, kuma tana kama murya. Abin da ya rage shi ne a nuna masa yadda ake tsayawa, da yadda ake jiran haske, da yadda ake haɗa hoto goma su ba da labari ɗaya.

Ban ce abin zai zo da sauƙi ba. Irin wannan aiki ba ya ciyar da mai shi da wuri, shi ya sa zan haɗa da hoton suna da na aure da na katin shaida, abin da aka samu a can a zuba a nan. Wahala ta biyu ta fi ta kuɗi nauyi. In ka ɗauki hoton mutanenka da gaskiya, wata rana za ka ɗauko abin da ba su son a gani, kamar yaron da ya kamata a ce yana makaranta amma yana ƙarƙashin buhu, ko yarinyar da aka cire daga aji aka kai ɗaki. Baƙo in ya ɗauka sai ya hau mota. Ɗan gari kuwa gobe zai haɗu da uban yaron a masallaci. Ganda ya zauna a Yamai bayan Le Wazzou polygame, cikin mutanen da ya nuna, bai gudu ba. Ina ganin abin da ya ba shi wannan dama shi ne bai taɓa nuna su daga sama ba, don shi ma ya ɗauki buhu, ya kuma san ranar da aljihu ke wayar gari babu ko dala.

Ga iyayenmu da ke ganin hoto wasan yara ne, ina roƙon su duba wannan: yau shekara sama da 40 da rasuwar mutumin nan, amma wanda duk yake son ya ga yadda tsohon sojan Nijar ya rayu bayan Indoshin, ko yadda ake neman aure a ƙauyen Zabarmawa a wajen 1970, fina-finansa zai nema. Namu garin ma yana canzawa a gaban idonmu, kuma in ba mu ajiye kamanninsa da hannunmu ba, jikokinmu hoton ambaliya da na layin tireloli kawai za su tarar.

Allah Ya jiƙan Umaru Ganda, Ya gafarta masa kurakuransa, mu kuma Ya sa mu yi amfani da abin da Ya ba mu ta hanyar da za ta amfani jama'a.